Dila Mai Gawayi da Sheƙar Kurciya

"Ga ta nan tafe, ga ta nanku, jikokina."
"Ta ƙaraso, Kaka, mu sha labari."

A da can, dajin bayan garinmu duhu ne. Ko da tsakar rana ka shiga, sai sanyi ya ratsa ka. Wayyo, ina kewar inuwar nan! Ba a saran ɗanyen itace, sai wanda ya bushe ya faɗo ake tsinta.

Ran nan Dila ya tambayi tsoho Kunkuru, "Baba, wutar da ke cikin itace, wa ya zuba ta?"

"Rana ce. Ganye ke shan ta kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, itace ya adana. In an ƙona, ita ke fitowa."

Dila ya lashe baki. "Ashe ana ɗura rana a buhu!"

Ya saɓi gatari, ya nufi wata ɗanyar bishiyar ƙirya. Kurciya na sama, kwance kan ƙwai.

"Malam Dila, ƙwaina!"

"Matsa gaba, 'yar uwa, daji ba ya ƙarewa."

Ya sare, ƙwai suka fashe. Ya turara gawayi, masu tsire suka biya shi da nama.

Kurciya ta koma bishiyar marke, ta sake yin ƙwai. Sai ga Dila.

"Malam Dila, ƙwaina!"

"Matsa gaba, 'yar uwa."

Haka ya yi ta sara. Hayaƙi ya turnuƙe sama, rafi ya ƙafe, ƙasa ta ɗau zafi. Saura tsamiya ɗaya, a nan Kurciya ta ƙyanƙyashe.

"Malam Dila, 'ya'yana! Ina kuma gaban?"

Dila ya duba, babu gaba. Amma cikinsa na ƙugi, ya sare.

Washegari ƙasa ta toya masa ƙafa, ya rasa inda zai raɓa. Ya ruga gun Kunkuru. "Baba, yaya ake mayar da rana cikin itace?"

"A shuka, a jira. Jikanka ya sha inuwa."

Kurciya kuwa, har yau tausayinta nake ji. Ku duba sheƙarta, 'yan tsinke ne kawai, har kana hango ƙwai ta ƙasa. Ta daina gini mai ƙwari, don ba ta san ranar da mai gatari zai dawo ba.

Abin da itace ya shekara yana tarawa, yini guda wuta ke cinye shi.

Ƙurungus! Kan ɓera ya tsere mini, wanda ya kamo nasa ne.