Rumbun Hawainiya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, muna sauraro.

Giwa ta sa dabbobi ginin rumbunan gero. Biri ya yi ta lafta ɗanyar ƙasa kan ɗanya. Hawainiya kuwa sai ta ɗora zagaye ɗaya, ta zauna.

Biri ya ce, "Iya, aiki kike ko gadi?"

Ta ce, "Ƙasar ce ke aiki, ɗana. Bari ta bushe."

Ruwan farko na sauka, rumbun Biri ya zube, gero ya tsiro cikin laka. Giwa ta jingina da na Hawainiya, ta tura. Ko tsagewa bai yi ba.

Giwa ta ce, "Iya, jiya bishiyar kuka na kayar."

Hawainiya ta ce, "Ranki ya daɗe, matsa kaɗan. Ban gama duba gindin ba."

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera.