Ranar da Ba a Buga Taken Sarki Ba

A zamanin da, a wani birni mai doguwar ganuwa, an yi wani sarki wanda ya gaji da abin kunya guda ɗaya da ke maimaita kansa kowace shekara. Idan kaka ta yi, dakarun da ke tsaron iyaka sukan dawo gida a ƙasa, su shigo ta ƙofar yamma sahu-sahu, ganguna a gabansu, har ƙofar fada. To, al'adar garin ita ce makaɗi ba ya wuce ƙofar mai sarauta bai buga masa takensa ba. Sarkin nan kuwa hannunsa a sake yake wajen naɗi, har masu rawani suka cika hanyar. Dakare zai ɗaga ƙafa a kan kiɗan Galadima mai nauyi, kafin ya sauke an juya zuwa na Sarkin Kasuwa mai gaggawa. A shekarar da ta gabata sai da masu riƙe da mashi suka yi karo da juna, tuta ta faɗa cikin kwata, baƙi na kallo.

Sarki ya sa aka kira Barmo, Sarkin Ganga, tsohon da gidansu ke riƙe da gangunan fada tun kakanni. Ya ce masa, "Barmo, ka zaɓi abin da za ka buga bana, ka zaɓa da kyau. In sahu ya sake wargajewa, ganguna sun bar gidanku ke nan."

Barmo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya fito. Bai kai gida ba manzon Galadima ya tare shi, wai ubangidansa ya ce a tuna masa inda ƙofarsa take. Na Ma'aji ma ya zo, haka na Sarkin Kasuwa. Tsohon nan ya gaji har cikin ƙashinsa, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne a ce a hannunsa gadon gidansu ya ƙare.

Sai ya nufi gidan Waziri, mutum mai sanyin magana, ya zayyana masa komai. Waziri ya ce, "Bar maganar ƙofofi tukuna. Da a ce babu ƙofa ko ɗaya a hanyar, me za ka buga?"

Tun da Barmo yake bai taɓa tambayar kansa haka ba. Can ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai wani kiɗa na mahaifina, mai kwalliya ƙwarai. Duk wanda ya ji shi a zaure sai ya jinjina."

"A zaure," in ji Waziri. "Mutane zaune a kan buzu, sun ci sun sha. Ku makaɗa kullum a zaune kuke zaɓen kiɗan masu tafiya. Tashi ka tari dakarun a hanya, ka gwada a kan ƙafafunsu. Ƙofofi kuwa ka bar mini."

Haka Barmo ya kwashi makaɗansa suka fita bayan gari, yana tafe yana mita. Suka iske dakarun a zangon ƙarshe, ƙafafu duk faso, wasu sun rataya takalmansu a wuya. Shugabansu, wani dogo mai suna Jatau, ya jera su ba da son ransa ba.

Barmo ya fara da taken yaƙi. Mutanen suka zabura, suka ɗan taɓa sauri, sai na baya suka fara zubewa. Jatau ya ce, "Haba Baba, yaƙin nan fa shi muka baro. Gida za mu."

Ya juya zuwa kiɗan mahaifinsa, ya zuba duk gwanintarsa. Kiɗa ya yi daɗi, daɗin da ya sa dakarun suka tsaya cak suna sauraro, ba mai tafiya. Barmo ya ji zafin wannan a ransa, amma ya gani da idonsa. Ya gwada na rawa, samarin cikinsu suka soma karkaɗa kafaɗa, sahu ya karkace. Rana ta take, hannunsa ya mutu, dabara ta ƙare masa. Don dai kada a yi shiru, ya bar gula tana faɗuwa da kanta a kan kiɗan da ya fi kowanne sauƙi, wato gangar noma, wadda ake yi wa manoma a bakin kunya. Yana cikin haka ya ji ƙasa na amsawa. Ya waiwaya, sai ga ƙafafu na sauka tare, har da guragun cikinsu. Ashe dakarun nan duk 'ya'yan manoma ne, jikinsu ya san wannan bugun tun kafin su san mashi.

Barmo ya dawo fada da zaɓinsa, yana jin kunyar faɗa. Da fadanci ya cika, kafin ya buɗe baki Waziri ya gyara zama ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ina da tambaya ga manyan gari. Shin ya dace a ji taken bara a ranar da ba a ji na ubangidansa ba?"

Fada ta ɗauka, "Allah ya kiyaye!" Galadima ya fi kowa ɗaga murya, har ya ce wanda ya yarda aka yi masa haka ba ɗan halak ba ne.

Waziri ya juya wajen sarki ya ce, "To, Allah ya ba ka nasara, ina roƙon ranar shigowar dakaru kada a buga naka."

Galadima ya gane ya ɗaure kansa da bakinsa, don in ba a buga na sarki ba, na kowa ma ba za a buga ba. Sarki ya daɗe yana duban Waziri, fuskarsa ba yabo ba fallasa, domin tun ranar da aka naɗa shi bai taɓa fitowa ƙofa ba a buga masa ba. Daga bisani ya ce, "Na ji." Ya tashi ya shige gida. Ko na yarda ne, ko na ji zan gani ne, ba wanda ya iya faɗa wa Barmo.

Ranar ta zo. Ganguna suka shigo ta ƙofar yamma da kiɗan noma, dakaru na biye, taku ɗaya. Mutanen gari suka fara dariya, wai yau gona aka kawo birni, amma da suka ga sahun sai dariyar ta mutu. Aka wuce ƙofar Ma'aji. Aka wuce Galadima yana tsaye ya sha kunu. Barmo bai dubi kowa ba.

Da suka doshi fada ya hango sarki tsaye a bakin ƙofa. Nan hannunsa ya nemi juya kiɗa, don hannun da ya tsufa yana buga taken sarki a daidai wannan wuri ba ya jin magana. Makaɗan bayansa duk shi suke kallo, ko ya juya su juya. Tsoro ya kama shi sosai. Amma yana jin takun mutanen nan a bayansa, mutanen da suka gaji fiye da shi, sai ya cije ya ci gaba da abin da yake bugawa. Suka wuce gaban sarki, tuta a miƙe, har na ƙarshe ya shiga fili ya tsaya a inda ya kamata.

Ganguna suka yi shiru. Sarki ya ce, "Barmo, ka wuce ni."

Barmo ya durƙusa. "Na wuce ka, ranka ya daɗe."

Sarki ya dubi filin ya ce, "Kullum in na fito nan kunnena na wajen takena. Yau ne na fara ganin fuskokin mutanen da ke tsare mini ƙasa. Ban san sun rame haka ba." Ya yi umurni a ciyar da su kafin kowa, ya kuma kafa doka cewa ranar dakaru kiɗan dakaru za a yi, mai son takensa ya jira sai sun zauna. Sa'an nan ya ce, "Ganguna suna gidanku, Barmo. Tashi ka tafi ka huta."

Barmo ya yunƙura zai tashi, gajiya da nauyin ganga suka hana shi. Jatau ne ya fito daga sahu, ya zare masa gangar daga kafaɗa, ya rataya a tasa, ya kama hannun tsohon suka nufi gida.