Magini da Hudar da Ta Ƙi Sunkuyawa

A wani gari da ke gindin duwatsu, inda bazara kan yi zafi ƙwarai, sanyin ƙarshen shekara kuma ya shiga har ƙashi, an yi wani mutum magini. Ya koyi sana'arsa tun zamanin da ake koyar da gini a makaranta, lokacin da malami kan sa a rushe bango duka saboda bulo ɗaya ya leƙo. Shekara arba'in da biyu ya yi yana gini. Majami'ar garin shi ya gina ta, haka ɗakin shan magani, haka ajujuwa shida na firamare.

Yana da wani ma'auni na katako, tsawonsa kamu biyu, da ɗan gilashi a tsakiya. A cikin gilashin akwai ruwa, a cikin ruwan kuma akwai ƙwayar iska tana yawo. In an ɗora ma'aunin a kan gini, ƙwayar ta tsaya tsakanin zane biyu, aiki ya yi. In ta gota ko da faɗin gashi ne, sai a sake. Har bayan da ya ajiye aiki, ma'aunin nan yana rataye a bakin ƙofarsa, yana goge shi da mai kowace Asabar.

Matarsa, Afiniki, sun yi shekara hamsin tare. Da tsufa ya zo, zuciyarta ta yi rauni, zafin bazara ya riƙa hana ta barci, likita kuwa ya ce hutu ne babban maganinta. 'Yarsu Damaris, wadda take aikin jinya a birni, ta kira mahaifinta ta ce, "Baba, in zafin bana ya yi wa Mama irin na bara, zan zo in ɗauke ta ta zauna a wurina."

Maginin ya ajiye wayar. Ya dubi kujerar da Afiniki take zama tana tsince shinkafa, ya yi ƙoƙari ya ga tsakar gidan ba ita a ciki, ya kasa.

Sai Damaris ta aiko da na'ura, irin wadda ake kafawa a bango, mutane suna ce mata iyakwandishan. Wannan kuwa aiki biyu take yi: ta ba da sanyi a bazara, ta ba da ɗumi a lokacin sanyi. Da ma gidan yana da wutar sola. Wanda zai kafa ta shi ne Irmiya, ɗan wani abokin maginin da ya rasu, magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, wannan ce kuma sana'arsa.

Ranar Litinin da hantsi Irmiya ya zo da tsani da kayan aiki. Ya fara da farantin ƙarfe wanda za a rataya na'urar a jikinsa, a ɗakin Afiniki, sama da kan gadonta. Maginin ya sauko da ma'auninsa ya ɗora. Ƙwayar iska ta yi lilo, ta tsaya a tsakiya.

"Madalla," in ji shi. "Ashe ubanka bai yi asarar kuɗin makaranta ba."

Irmiya ya yi dariya. "Baba, bangon nan naka ya kusa cinye mini injin huda. Da dutse ka kwaɓa simintin ne?"

"Da gaskiya na kwaɓa shi."

Daga nan Irmiya ya bayyana masa yadda abin yake. Na'urar rabi biyu ce, ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Ta ciki tana kwashe zafin ɗaki, ta miƙa wa ta waje ta cikin bututu, ta wajen ta watsar da shi. Saboda haka dole a huda bango. Ya ƙara da cewa, "Tana kuma yin gumi, Baba, kamar randa. Ruwan yana taruwa, sai ya bi wannan tiyo ya fita. Don haka hudar ba za ta tafi a miƙe ba. Za ta sunkuyar da kai ta wajen waje, kamar faɗin yatsa biyu."

Fuskar maginin ta sauya. "Karkatacciyar huda? A bangona?"

"Kaɗan ne, Baba. Ba wanda zai gani."

"Ni zan gani. Kai, yaro, tun ba a haife ka ba nake gini a garin nan. Je ka duba majami'a, ka nemo mini abu ɗaya da ya karkace."

Irmiya ya bar maganar, don ba a ja da babba a cikin gidansa. Bakin injinsa kuwa bai kai kaurin bangon ba, sai ya ce zai nemo dogo ya komo ranar Laraba.

Yana fita, maginin ya ɗauko guduma da ƙarfen sassaƙa. Yini guda ya yi yana aikin, a hankali, yana awo yana sakewa. Ya huda bangon, ya zura guntun bututu a ciki, ya liƙe gefensa da siminti, ya shafe sumul. Ya zura ma'auni. Ƙwayar iska ta tsaya a tsakiya kamar an dasa ta. Ya daɗe bai ji daɗi irin na ranar ba.

Da Irmiya ya komo, siminti ya riga ya kama. Ya leƙa hudar, ya shafa kansa, ya ce, "Aiki ya yi kyau, Baba. Amma ruwa ba zai bi ta nan ba."

"Kafa abinka. In akwai laifi, nawa ne."

Ya kafa. Ya rataya ta ciki, ya ɗaure ta waje a bayan ɗaki, ya haɗa bututu da waya, ya danna rimot. Na'urar ta buɗe baki a hankali, iska mai sanyi ta sauko a kan gadon kamar mayafi.

Kwana biyar gidan ya zama kamar ba a duniya yake ba. Da tsakar rana, sa'ad da kwanon rufi yake ƙara don zafi, awaki kuma suka maƙale a inuwar katanga, Afiniki takan yi barci. Labule yana motsi kaɗan kaɗan. Maginin yakan zauna a kujera kusa da ita, yana sauraron numfashinta, har shi ma gyangyaɗi ya ɗauke shi. In ta farka takan ce, "Baban Damaris, yau ma na je rafin ƙauyenmu. Na ga Inna tana wanki a gindin tsamiya. Na kwanta a kan falalen dutsen nan mai sanyi, ruwa yana wucewa ta ƙarƙashina. Har ƙanshin laka na ji."

"Kin gaishe ta?"

"Ta ce wane ne tsohon nan da yake gadina."

A rana ta shida, tana tsakanin barci da farkawa, ta ce, "An fara ruwa ne?"

Ya leƙa taga. Sama fari fat, ba ko gajimare. Ya juyo, sai ya ga ruwa yana ɗiga daga bakin na'urar, yana bin bango, ya jiƙa matashin kanta har da gashinta. Ya goge da tsumma. Ya ja gadon gefe, ya ajiye kwano. Kashegari kwanon ya cika kafin azahar, katifa ta yi danshi, fenti ya kumbura, wani dogon tabo ya sauko a bangon da bai taɓa yin aibi ba. Afiniki ta fara tari.

"Kayan zamani ke nan," in ji maginin. "Ba ƙarko." Ya kashe na'urar.

Zafi ya komo ɗakin ya zauna. Afiniki ta daina zuwa rafi. Takan kwanta idonta biyu, tana fifita da mafici, ba ta ce masa kome ba. Da Damaris ta kira ta ji muryar mahaifiyarta, ba ta tsawaita ba. Ta ce, "Baba, ranar Asabar ina zuwa da mota. A haɗa mata kaya."

Ranar Alhamis da la'asar, maginin ya zauna a bayan ɗaki, a ƙarƙashin hudar, ma'auninsa a kan cinya. Ya riga ya auna ta sau uku a ranar, sau uku kuma ta fito daidai. Yana zaune yana jin tarin matarsa ta cikin bango, sai hannunsa ya saki, ma'aunin ya karkata. Ƙwayar iska ta haura sama. Ruwan da ke cikin gilashin ya gangara ƙasa. Ya miƙe shi, ruwan ya tsaya cik. Ya sake karkata shi, ruwan ya tafi. Ya daɗe yana yin haka kamar mai mafarki. Shekara arba'in da biyu yana duban ƙwayar iskar, bai taɓa duban ruwan ba. Ashe tun ranar farko ma'auninsa yana nuna masa cewa ruwa ba ya tafiya sai an sunkuya masa.

Ya sa hularsa, ya taka da ƙafa har shagon Irmiya a bakin kasuwa. Akwai mutane a zaune, waɗansunsu ma tsofaffin leburorinsa ne. Bai ja shi gefe ba. Ya ce, "Irmiya, hudar nan daidai take, amma ba ta yi ba. Ka faɗa mini, na ƙi ji. Ka zo ka karkata ta."

Irmiya ya miƙe da sauri. "Haba, Baba, ai da ka aiko."

"Wannan ba abin aike ba ne."

Da safe suka sauke na'urar, suka fasa simintin da ya shafe sumul. Irmiya yana hudawa, maginin yana riƙe da ma'auni. Ƙwayar iska ta gota zane, ya runtse ido, ya buɗe, ya ce, "Ƙara kaɗan." Suka mai da kome wurinsa. Ba a jima ba, ɗigon farko ya faɗo daga bakin tiyo, a waje, a kan busasshiyar ƙasa.

Ranar Asabar da rana Damaris ta iso. Ta tarar da gidan tsit. Ta zaga bayan ɗaki, ta ga mahaifinta a tsugune inda ruwan yake ɗiga, yana dasa ɗoɗɗoya a cikin 'yar ƙasar da ta jiƙe. Ya ɗora yatsa a baki, ya ce a hankali, "Kada ki tashe ta. Ta tafi rafi."

Damaris ta leƙa ɗaki. Ta daɗe a tsaye a bakin ƙofa tana kallon mahaifiyarta. Ranar Lahadi bayan sujada ta koma birni ita kaɗai. Da sanyi ya zo, na'urar ta ba da ɗumi, gwiwoyin Afiniki suka sami sauƙi. Ɗoɗɗoyar ta yi ganye har ana sawa a miya. Tabon bango kuwa, ko da Irmiya ya ce zai kawo fenti, maginin ya ce a bar shi.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi, ku riƙe shi a jere.

Bangon shi ne sunan da mutum ya gina wa kansa, da shekaru da aminci. Abu ne mai kyau, kada wani ya fita daga nan ya ce an rena shi. Ku tuna, da aka zo kafa farantin ƙarfe, ma'aunin ya yi aikinsa, an kuwa yaba. Ubangiji yana son aikinmu ya miƙe, maganarmu ta miƙe.

Na'urar ita ce alherin Allah. Kyauta ce aka aiko, maginin bai ƙera ta ba. Rabin da ke waje, wanda yake tsaye a rana yana karɓar zafin da ba nasa ba domin na ciki su huta, yana tuna mana da Almasihu, wanda ya ɗauki nauyinmu a kansa. Amma alherin nan ba ya shiga gida sai an huda bango, in ya shiga kuma yakan fito da abin da yake ɓoye a cikinmu, kamar yadda na'urar ta tara ruwa daga iskar da ake gani busasshiya ce. Laifin da ba a furta ba, da fushin da aka haɗiye, da hawayen da aka hana, dukansu suna neman hanyar fita.

Hanyar ita ce tawali'u. Da yawa a cikinmu mun yarda a huda bangon. Muna zuwa sujada, muna waƙa, muna addu'a. Amma mun yi hudar a miƙe, don kada a ga wurin da muka sunkuya. Ba mu taɓa ce wa matarmu, ko ɗanmu, ko wanda muka girma, "Ka faɗa mini, na ƙi ji" ba. Ku lura kuma da wannan, gama shi ne mafi nauyi: ruwan bai zuba a kan maginin ba. A kan Afiniki ya zuba. Girman kan mutum, na kusa da shi ne suke kwana a cikin danshinsa, sau da yawa kuma ba sa cewa kome.

Ruwan nan ɗaya ne. A cikin ɗaki ya ɓata bango ya sa tari, a waje ya rayar da shuka. Bambancin duka faɗin yatsa biyu ne.

Saboda haka kowa ya tambayi kansa yau: wa yake tari a bayan bangona? In ka san shi, kada ka aika. Sa hularka ka tafi da ƙafarka, tun Asabar ba ta zo ba.