Kalwa Ta Uku

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A wani gari da ke kan tudu an yi wata mace mai daddawa, sunanta Marka. Uwarta mai daddawa ce, kakarta ma haka. In ɗorawa ta nuna, sai matan garin su sauke ta, yara su sha garinta, su kuwa su wanke kalwar, su dafa ta kwana da yini, su rufe ta har ta zama daddawa. Ko ƙwaya ɗaya ba sa ragewa. Ba wanda ya taɓa shuka ɗorawa a garin, don sun tashi sun tarar da ita, sun ɗauka kamar dutse take.

Sai itatuwan suka tsufa. Wannan ta bushe, waccan iska ta kayar, ta ƙarshe tsawa ta faɗa mata. Miyar garin ta zama lami.

Ran nan Marka tana kakkaɓe tsohon kwandon uwarta, sai ƙwayar kalwa uku suka faɗo daga cikin saƙar. Ɗanyu, ba su taɓa ganin wuta ba. Sai ta ƙulle su a bakin zane, ta nufi wurin wanta Nomau.

Ta ce, "Yaya, ka sam mini wuri a gonarka in yi shuka."

Ya ce, "Me za ki shuka?"

Ta ce, "Kalwa."

Sai ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce, "Auta, kalwa ai a tukunya ake shuka ta. To, je ki, ga tsakiyar gona can. Amma ki ji. Ina tara kuɗin shanun huɗa. Damina uku na ba ki. In abin nan bai kai tsawon ƙotar fartanyata ba, tuge shi zan yi, don garma ba ta kewaya ciyawa."

Ta ce, "Na ji, Yaya."

Sai ta binne ƙwaya ta fari. Ta yi kwana arba'in tana ba ta ruwa, shiru. Ta tona ta duba, sai ga ta nan yadda ta sa ta, tauri kamar tsakuwa. Kafin ta miƙa hannu, zabuwa ta cafke ta ta yi daji.

Sai Marka ta ce, "Ashe taurin ne. Ai mun san maganin tauri." Ta ɗora tukunya, ta dafa ƙwaya ta biyu kwana da yini, yadda hannunta ya saba. Ta binne. Kwana uku sai ramin ya fara wari.

Nomau ya zo wucewa ya shaƙa, ya ce, "Auta, gonata ta yi miya, saura tuwo."

Ƙwaya ta uku kuwa Marka ta ji tsoron taɓa ta. Ta ajiye ta a ƙoƙo kan randa. Da safe sai ta tarar kusu ya gwaguyi gefenta ya bar ta cikin ɗan ruwan da ya rage a ƙoƙon, ta kumbura sumul. Marka ta yi kuka, ta tsine wa kusu. Da ta gaji sai ta ce, "Ko gawa ce ai a binne ta." Ta kai ta gona. Kwana bakwai, sai ga tsiro, ganye sirara kamar haƙoran mataji.

Sai ta saro ƙayar magarya ta yi masa shinge saboda awaki. Ta barbaɗa toka kewaye saboda gara. Ta binne tsagaggen tulu a gefensa, kullum ta cika shi, ruwan na tsatsa a hankali duk tsawon rani. Ta nome ciyawa taku goma ko'ina don kada wutar daji ta iso. In tana zuba ruwa sai ta riƙa cewa:

"'Yar kalwa, 'yar kalwa,
Kin tsere wa tukunya,
Kin tsere wa zabuwa,
Tashi ki tsere wa Yaya."

Damina ta fari ta wuce. Nomau ya zo ya kafa ƙota kusa da tsiron. Taƙi ɗaya. Ya ce, "Saura biyu."

Damina ta biyu ta wuce. Ya kafa ƙota. Taƙi ɗaya da yatsu uku. Ya ce, "Gero kan haifi jikoki kafin wannan ya yi rarrafe. Saura ɗaya."

Damina ta uku ta wuce. Ya kafa ƙota. Ko rabinta tsiron bai kai ba. Marka ta dubi tulun da ta yi shekara uku tana cikawa, ta rasa inda ruwan ya tafi.

Nomau ya riga ya sayi shanunsa. Ya kuma ɗauko wani tsohon mai haƙar rijiya, Bagudu, yana haƙa masa rijiya a gefen gonar don shanun su sha. Bagudu ya yi zurfin gaba bakwai bai ga ko danshi ba.

Nomau ya ce, "Auta, alkawari ya cika. Janye ƙayarki."

Ta ce, "Yaya, ka ƙara mini damina ɗaya."

Ya ce, "Uku muka yi."

Ta janye ƙayar da hannunta, tana sukarta ba ta ji. Sai suka ji kira daga cikin rami: "Ku ja ni! Ku ja ni!"

Masu igiya suka jawo Bagudu. Ya fito ya ce, "Maigida, wace itaciya ce a tudun nan?"

Nomau ya ce, "Babu ko ɗaya. Kai ma kana gani."

Bagudu ya ce, "To, na ci karo da saiwa a gaba bakwai. Kaurin taɓarya, ɗanya shar, ta nufi ƙasa."

Nomau ya ce, "Sare ta mana ka wuce."

Bagudu ya ce, "A'a. A sana'armu ba a sare saiwa mai rai da ta sa kai ƙasa. Ta san inda za ta, mu ne ba mu sani ba."

Sai Marka ta ce, "Baba Bagudu, ku zura ni."

Nomau ya ce, "Mace a rijiya? Je ki ga saiwar aljanu, ni bari in gama da ciyawarki." Ya ɗauki fartanya ya nufi tsiron.

Aka ɗaura wa Marka igiya a ƙugu. Ta sauka, haske na raguwa, har sararin sama ya koma kamar faifai. Sai ga saiwar ta ɓullo daga bangon ramin, ta sake nutsawa cikin dutsen da ya gagari digar Bagudu, ta tsaga shi biyu. Marka ta kankare bayanta da farce ta sansana. Ƙanshin da ta tashi cikinsa ne, ƙanshin ɗorawa. Ta rungume saiwar da hannu biyu ta girgiza ta.

A sama Nomau ya ɗaga fartanya ke nan, sai ya ga tsiron yana rawa. Ba iska, ko ƙaiƙayi bai motsa ba, amma ganyen na kaɗawa kamar ana kiransa daga ƙarƙashin ƙasa. Sai fartanyar ta suɓuce ta faɗi bayansa. Ya durƙusa ya ce, "Allah mai iko! Ni na auna abin da ke sama, ashe itaciyar tana ƙasa."

Aka jawo Marka, Bagudu ya koma ya bi saiwar. Gaba biyu kacal, sai ruwa ya ɓalle, sanyi ƙalau. Nomau da kansa ya mai da ƙayar, ya ƙara da tasa. Daga ranar kunyoyin gonarsa suka zama masu lanƙwasa a tsakiya.

Da ta sha ta ƙoshi, sai ɗorawar ta juyo sama. Ta wuce ƙota, ta wuce Nomau, ta wuce rumbu. Wata safiya mutanen garin suka farka da wani kuka kamar na ganga daga nesa. Suka fito, sai ga ta ta yi fure, jajaye mulmul suna reto ta ko'ina, ƙudan zuma sun rufe ta. Yaran da aka haifa bayan tsawa suka tsaya baki buɗe, ba su taɓa ganin irinta ba.

Da aka sauke 'ya'yan, mata suka zo da tukwane. Marka ta tsaya a bakin murhu, furfura ta fara fito mata. Duk mudun da za a juye, sai ta sa hannu ta ɗebe ƙwaya uku.

Ƙurunƙus kan kusu.

Kaka, har kusun da ya gwaguyi kalwar?

A'a, wannan a bar masa kansa, ya yi aikinsa. Ku dai in kun samu, kada ku dafa duka. Kuma kafin ku ce abu bai girma ba, ku tambayi wanda ya shiga rami.