Talotalo da Dutsen Niƙa

An yi wani Talotalo a ƙauyen Tudun Marke, wanda Allah ya jarrabe shi da son a ce masa babba. Ba mugu ba ne, kada ku ce na ce mugu ne. Amma da ka ce masa ranka ya daɗe, ka gama da shi. Zai baje wutsiya, ya kumbura, ya manta abin da ya fito yi.

Yana da maƙwabta biyu. Akwai tsohon Jaki, wanda ya sha tafiya har ta ishe shi, ba ya son dogon zance. Akwai kuma Bushiya mai tattali, wadda ko wuri ɗaya ba ya barin hannunta sai ta san inda zai kwana.

A shekarar da nake ba ku labari damina ta yi gardama, yunwa ta sa kowa ya cinye har irin shukarsa. Da bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas, ga shi babu mai ƙwayar gero da zai jefa a ƙasa. Sai su ukun suka shirya zuwa kasuwar Rafin Gawo sayo iri, tafiyar kwana uku. Matar Talotalo ta sayar da kwanukan aurenta, ta zuba kuɗin a lalita, ta ɗaura masa a ƙugu, 'ya'yansu bakwai suna tsaye suna kallo.

Ta ce, "Maigida, iri kawai. In ruwa ya sauka ba mu shuka ba, ka san sauran."

Ya ce mata ai shi ba yaro ba ne.

Tafiyar nan ba ta yi daɗi ba ko kaɗan. Rana ta ƙwalle, ƙasa kamar garwashi, inuwa sai an yi da gaske. Bushiya ta riƙo guzurinta na ƙuli-ƙuli da goran ruwa, Jaki ya riƙo dusarsa. Shi kuwa gogan naku ya bar guzurinsa a gida, wai manya ba sa tafiya da ƙunshi. Duk zangon da aka yada sai ya sayi fura, masu fura kuwa da sun ga baƙo a galabaice sai su ninka kuɗi.

"Kai dai lalitar nan taka ramewa take yi," in ji Bushiya.

"Ke kuma rowa za ta kashe ki," in ji Talotalo. "Kullum ƙuli-ƙuli, ko haƙoranki ba ki tausaya wa."

Jaki ya ce don Allah su ƙyale shi ya ji da zafin rana.

Ranar kasuwa da hantsi suka iso wani rafi a bakin gari. Jaki ya tsaya ya ce kowa ya wanke ƙafarsa, domin ɗan kasuwa ƙafa yake kallo kafin fuska, in ya ga ƙurar hanya ya san baƙo ne, sai ya sa masa kuɗin baƙi. Ya ce kada a sayi komai a bakin kasuwa, a zagaya a ji farashi tukuna, a jira la'asar lokacin da masu kaya ba sa son komawa gida da kayansu a ka.

Sannan ya dubi Talotalo ya ce, "Saura ɗaya, kuma da kai nake. A nan mai saye ne ke taya kaya. In tayinka ya yi kaɗan, mai kaya zai ce albarka, ka yi gaba. In kuwa ya ce na sallama, ciniki ya faɗa, ba a janyewa. Kada ka taya abin da ba ka zo saye ba."

"Baba Jaki, ni za a koya wa kasuwa?" in ji Talotalo. Bai ma wanke ƙafar ba, ya wuce gaba.

Kasuwa ta cika ta tumbatsa. Tun daga bakinta aka fara kiransa, wannan ya ce Maigida, wancan ya ce ranka ya daɗe. Kan Talotalo ya fashe. Sai ya ƙirƙiro wata dabara, a ganinsa ta masu wayo. Zai riƙa taya manyan kaya da ɗan abin da ya san ba za a sallama ba, a ce masa albarka, ya wuce, jama'a su ɗauka wani attajiri ne ya sauka a gari.

Ya taya darduma, aka ce albarka. Ya taya sirdin doki, shi da ko akuya ba shi da ita, aka ce albarka. Daɗi ya kama shi, ya riƙa waiwayen Bushiya yana ƙyafta mata ido. Ita dai tana biye da shi, takaici kamar ya kashe ta.

Can ƙarshen layi suka iske wata Gafiya zaune kusa da wani ƙaton dutsen niƙa. Kasuwa huɗu ke nan dutsen yana wurin. 'Yan gari kowa na da nasa, baƙi kuwa babu mai iya ɗaukarsa. Gafiya ta dubi ƙafar Talotalo, ta ga ƙura har gwiwa, ta gyara zama.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan kayan manya ne, shi ya sa ban kira kowa ba sai kai. Taya."

Bushiya ta ja shi a fiffike ta ce su tafi. Ya fizge. Ya yi ɗan tayinsa irin na ɗazu, Gafiya ta ce albarka. Da ya wuce a nan, da labarin nan bai kai a rubuta ba. Amma sai wani Hankaka da ke kan rumfa ya yi dariya ya ce tun safe yake kallon baƙon nan, tayin matsiyata kawai yake yi, da ƙyar in akwai wani abu a lalitar.

Wuyan Talotalo ya yi jawur. Ya dubi dutsen, ya ce a ransa abu mai girma haka ai ko ya faɗi duk abin da ke jikinsa albarka za a ce. Sai ya ɗaga murya yadda na nesa za su ji, ya ambaci kuɗin da ke cikin lalitarsa kaf.

Gafiya ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, "Na sallama."

Sai a lokacin Talotalo ya gane abin da ya yi. Jaki ya matso ya raɗa masa cewa akwai sauran hanya ɗaya. Ya durƙusa ya gaya wa Gafiya gaskiya, kuɗin irin 'ya'yansa ne, shi talaka ne, wasa ya kai shi. Za a yi masa dariya, amma ana yafe irin wannan in an roƙa.

"In durƙusa wa Gafiya? A gaban mutane?" in ji Talotalo.

"To, zaɓi," in ji Jaki. "Ko dariyar yini ɗaya, ko yunwar shekara."

Wallahi har yau in na tuna wurin nan sai raina ya ɓaci. Talotalo ya dubi taron, ya ga idanu duk a kansa, ya kwance lalita ya zazzage ta a gaban Gafiya. Aka yi ta cewa lallai an yi namiji. Kafin a jima kowa ya watse ya kama harkarsa, aka bar shi shi da dutse.

Bushiya kuwa ta kama abin da ya kawo ta. Ta zagaya layin masu hatsi sau uku, tana tambaya tana wucewa, in ta ɗebi gero ta tauna ta ji ko ƙwari sun riga ta. Da la'asar ta koma wurin wani Kurege da ke ta duban rana yana hamma, gidansa da nisa, ga buhu bai ƙare ba. Ta saya wa kanta da Jaki iri da sauƙi, ta nemi gyara, ya ƙara mata tafi biyu. Ta miƙa wa Talotalo gyaran nan ta ce ya riƙe ko kusurwar gona ya shuka.

"Ni ba na karɓar sadaka," in ji shi.

Ya yi ta shelar dutsen ko zai sayar, ko mai tayawa bai samu ba. Barinsa kuma ya gagara, don ba ya son a ce ya dawo hannu rabbana. Jaki ya ce shi bayansa ya cika da iri, kuma ya tsufa da ɗaukar wautar wani. Sai Talotalo ya ɗaura wa dutsen igiya ya fara ja.

Kayya, ba a ganin wannan tafiya a yi dariya. Ya ja taku goma ya huta, ya ja biyar ya zauna. Igiya ta cinye masa gashin ƙirji, ga yunwa, ga babu kuɗin fura. Abokansa suka yi ta jiransa yini guda, Bushiya na gutsura masa ƙuli-ƙulin da ya raina. Rana ta biyu iska ta kaɗo da ƙamshin ruwa. Jaki ya ce shuka ba ta jiran kowa, suka bar masa goran ruwa suka yi gaba.

Sai da ya kwana bakwai a hanya. Ruwan fari ya same shi a daji, na biyu ma haka. Da ya shigo Tudun Marke gari ba kowa, duk ana gona. Ya ja dutsensa har bakin tasa gonar, ya iske ta fayau, ciyawa ta fara tsirowa, sai kunya uku kawai a gefe da aka shuka da gyaran da Bushiya ta kawo wa matarsa.

Matar ta miƙe daga durƙuso, yaran suka taru a bayanta. Ta dubi mijinta, ya rame ya tsige. Ta dubi dutsen ta daɗe. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi.

Ta ce, "Sannu da hanya, Maigida. To, me za mu niƙa a kai?"

Darasin wannan labari shi ne, matafiyi ya riƙe guzurinsa, ya san abin da ya fito saye, ya saye shi kafin ya kalli wani abu. A zagaya a tambaya, a yi haƙuri har kasuwa ta yi sanyi, kuma kada a taya abin da ba a bukata don a burge mutanen da gobe ba za su tuna da kai ba. In kuma an yi kuskure, a sauke kai a nemi gyara tun da sauran dama, domin girman kai rawanin tsiya ne, kuma ba mai shi kaɗai yake kwana da yunwa ba.