Ƙofar Motar Tanimu Direba

Ga ta nan, ga ta nanku, amma ta yau ba ta dawa ba ce, ta cikin gari ce. Ku gyara zama. Kai mai tauna goro, haɗiye tukuna, don na san halinka, ba a kai ƙarshen zance ba ka tsoma baki.

A Funtuwa aka yi wani direba, Tanimu, mai wata tsohuwar Fijo shuɗiya. Shekara talatin da biyu yana jigilar mutane tsakanin Funtuwa da Gusau, ko akuya bai taɓa kaɗewa ba. Da tsufa ya zo, sai idanunsa suka tafi. Aka ajiye motar a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Kullum da hantsi sai ya lallaba ya buɗe ta, ya zauna a mazaunin direba, ya kunna rediyo, masu wucewa suna gaishe shi yana amsawa da sunayensu. Ranar Juma'a ɗaya cikin 'ya'yansa ya tuƙa shi masallaci. Wallahi ban taɓa ganin makaho mai kwanciyar hankali irin tasa ba.

Inji lafiya lau. Amma kun san rufin nan na cikin ƙofa, allon da ake shimfiɗa wa soso a lulluɓe da leda? To, ledar ta bushe ta dare, bakinta ya yi kaifi. Ran nan ta yanke shi a hannu. Ga shi da ciwon suga, ɗan yankan nan sai da ya ci wata biyu yana ruwa kafin ya kame. Matarsa Ladidi mace ce mai haƙuri, amma in ta faɗi magana ta zauna. Ta ce, "Malam, ba zan zura ido ƙofa ta cinye maka hannu ba. Ko a gyara ta kafin Babbar Salla, ko in kira 'yan gwangwan su ɗauke motar su sassare."

Ya ce, "Na ji, kuma gaskiyarki ce. Amma ni yanzu hannuna ne idona. In aka liƙa mini wata baƙuwar leda da ban sani ba, gara su ɗauke motar, don ta tashi daga motata."

Kun ji fa. Ga 'ya'yansa maza uku, Sallau da Ɗayyabu da Mamuda, kowa ya san in motar nan ta bar gindin dalbejiya, tsoho zai shige ɗaki ne ya daina fitowa. Sai suka tashi haiƙan kan gyaran ƙofar.

Sallau, babbansu, direban babbar mota ne. Ledar ƙofar tana da wasu layuka a jere kamar kunyoyin gona, an daina yin irinta tun tuni. Ya duba Kano, ya duba Kaduna, masu shaguna suna yi masa dariya, wai ya je gidan tarihi. Sai a wani ƙauye kan hanyar Maraɗi ya hango gawar mota irin ta babansu, kaji sun mai da ita akurki. Ƙofofinta sun fi nasu lalacewa, da wani ne da ya juya. Sallau ya kutsa cikin kashin kaji, ya leƙa bayan kujerar baya inda rana ba ta taɓa sauka ba, ya tarar da leda lafiyayya mai layuka iri ɗaya. Mai kajin ya ce atafau, in aka cire kujerar muzuru zai riƙa shigowa ta but ɗin bayan motar. Haka Sallau, mutum da furfurarsa, ya ajiye motarsa a bakin hanya, ya kwana biyu yana kwaɓa ƙasa har ya gina wa kajin nan akurki. Ya dawo da leda falle ɗaya tak, daidai ƙofa guda.

Ɗayyabu kafinta ne. Yana ɓalle rufin, sai allon ya zube a hannunsa kamar jiƙaƙƙen ƙuli-ƙuli. Ya tsaya ya duba, ya gano inda cutar take. Akwai wata farar leda marar kauri da ake mannawa tsakanin ƙarfen ƙofa da allo don ta tare ruwa. Masu gyaran gilashi, Allah ya shirye su, in sun buɗe ƙofa sukan yage ta su yar, wai ba ta da aikin yi. Haka wani ya yi wa motar nan shekarun baya. Duk damina ruwa ya bi ta gilashi ya jiƙa allon, allon ya kumbura ya tura leda, rana ta ƙarasa aikin. Babu kuma wani allo da zai kwaikwaya. Sai ya baza gutsattsarin a kan tabarma, kwana uku yana harhaɗa su kamar mai ɗinkin ƙwarya, har siffar ta fito da ramukan maɓallai goma sha huɗu. Ya yanka sabon allo, ya huda kowane rami a gurbinsa, ya mayar da ledar tare ruwa. Ba don shi ba, da damina ɗaya ta isa a koma gidan jiya.

Mamuda, autansu, ɗinkin kushin ne sana'arsa. Ku tuna falle ɗaya ne a hannunsa, in almakashi ya zame, shi ke nan. Ya shanya ledar a rana ta yi laushi, ya shafa gam, ya jira har ya daina kama yatsa, don mai gaggawa a aikin nan sai ya ga kumburi. Masu kushin kuwa al'adarsu ce su yar da tsohon soso su sa sabo mai kauri, don aiki ya yi kyau a ido. Ya riga ya wurga tsohon a bola. Ya ɗauko sabon ke nan, sai ya ce a ransa, shin wa zai kalli aikin nan da ido? Ya koma bola ya tono tsohon, sai ga wani ɗan kwari a jikinsa, inda gwiwar hannun babansu ta lotsa shi cikin shekara talatin da biyu. Ya wanke shi, ya shanya, ya mayar da shi yadda yake, sannan ya ja ledar a kai sannu a hankali ba ko tattara ɗaya.

Ranar jajibiri aka ɗaura rufin. Tanimu ya shiga ya zauna, gida kaf an kewaye motar. Ya bi layukan da yatsa daga sama har ƙasa. Ya ƙwanƙwasa allon. Sannan ya ɗora hannu, gwiwar ta faɗa gurbinta. Sai hawaye. Can ya ce, "Ladidi, ita ce." Ita ma ta shafa, ba ta ji kaifi ko'ina ba, ta rangaɗa guɗa, ta ce 'yan gwangwan su nemi abinci gaba. Daɗi ya cika gidan nan.

Sai tsoho ya zaro mabuɗin daga aljihu, ya ce, "Wanda ya yi mini wannan aiki, shi zai riƙa tuƙa ni, kuma bayan raina motar tasa ce. Wane ne?"

Sallau ya ce, "Baba, ni leda kawai na kawo." Ɗayyabu ya ce shi allo kawai ya yanka. Mamuda ya ce shi liƙawa kawai ya yi. Tsoho ya yi dariya ya ce, "Kai, waɗannan yara! Mota ai ba tsire ba ce da za a yanka uku."

Har yanzu mabuɗin na hannunsa. Wanda ya nemo, da wanda ya kashe cutar, da wanda ya koma bola: to, jama'a, wa Tanimu zai miƙa wa?