Kilen Da Kailu Ya Raina

Akwai wani matashi a Filinge mai suna Kailu, yana da shagon buga takardu kusa da tasha. Ordinata, wato kwamfuta, ɗaya gare shi da sikana ɗaya, amma in ka ji shi yana magana sai ka rantse shi ya ƙera su. Shekarar da sojoji suka karɓi mulki ce, aiki ya yi ƙasa, sai bakin Kailu ne bai yi ƙasa ba.

Maƙwabcinsa, Baba Magagi, tsohon mai gyaran rediyo ne da ya koyi ordinata da furfurarsa. Kailu bai ɗauke shi a bakin komai ba.

Wata Lahadi da safe ordinatar ta yi nauyi, Kailu ya ce zai wanke ta kaf ya zuba mata sabon sistem. Magagi na shirin shiga motar kasuwar Baleyara, ya ji shi, ya dawo da baya.

"Ɗana, kahin ka wanke ta, kwashe pilot ɗinta. Su ka sa ta gane kayan jikinta. In babu su, ba ta ganin rezon intanet."

Ya ciro wani tsohon kile mai igiyar fata, irin ɗan abin nan da ake soka wa ordinata a adana bayanai, ya miƙa. "Duk na tara su nan ciki. Riƙe."

Kailu ya yi dariya. "Baba, wanga ba rediyo ba na. Tahi da kilenka."

Tsohon ya mayar da shi aljihu, ya tafi.

Wajen sha ɗaya sai ga A'isha, daga Sanam, da takardunta cikin leda. Rajistar konkur, wato jarrabawar shiga wata makarantar ungozoma, za ta yi, ta intanet kawai ake yi, kuma ana rufewa ƙarfe biyar na ranar. Sati guda ta yi tana jiran motar da za ta yarda ta bi hanyar, saboda rashin tsaro. Bana ce shekararta ta ƙarshe, baɗi shekarunta sun wuce abin da ake karɓa.

"Malam Kailu, mu samu kuwa?"

"Zamna, ƙanwata. Minti goma na."

Ordinata ta tashi fes, da sauri kamar sabuwa. Amma can ƙasa, inda alamar rezo take, babu komai sai ɗan jan kuros.

Ya kashe, ya kunna. Ya cire sim ɗin akwatin rezo ya goge a riga. Ya ɗora akwatin bisa taga. Ya zagi kamfani, ya zagi takunkumin da aka ƙaƙaba wa ƙasar, alhali wayarsa da ke aljihu tana kama wannan rezon lafiya lau. Ya haɗa wayar da ordinata, ta ƙi gane ta. Sikana ma ta ƙi gane shi.

Nan ya tuna maganar safe. Pilot yake buƙata kafin ya shiga intanet, pilot ɗin kuma yana cikin intanet.

Ya sauko da pilot biyu ta waya, ya zuba mata su ta katin memori, duk ba nata ba ne, tunda bai san sunan abin da ke cikinta ba. Ya gwada rajistar a waya, shafin ya ƙi karɓar hotunan takardu.

"Ko a kira Baban nan da anka ce ya iya?" in ji A'isha.

"Ni in kira mai rediyo? Bari, yanzu ta yi."

Azahar ta wuce. Lambar Magagi na cikin wayarsa, ya duba ta ya fi sau biyar, kunya da girman kai suka riƙe masa yatsa. A'isha ba ta ci komai ba, tana zaune tana kallon agogon bango.

Sai uku da rabi ya kira. Magagi bai yi masa gori ba ko kalma ɗaya. "Kwantar da hankalinka, ɗana. Ga Issa direba nan shina lodi, in ba shi kilen."

Issa ya yi iya ƙoƙarinsa, amma akwai shingayen bincike a hanya. Biyar da ashirin ya tsaya ƙofar shago, ya miƙa kilen yana haki.

"Kai ko, da ka yi magana da wuri! Tun azahar mota biyu sunka taso."

Kailu ya soka kilen. Minti huɗu, jan kuros ya ɓace, rezo ya cika. Ya buɗe shafin. An rufe.

A'isha ta tashi ta jera takardunta ɗaya bayan ɗaya cikin leda. Ba ta yi kuka ba, kuma wallahi da ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Ki yahe mini," ya ce.

"Na yahe, Malam Kailu. Amma baɗi ba su karɓa ta."

Ta fita neman motar Sanam.

Washegari ya kai wa Magagi kilensa, tsohon ya ce ya riƙe. Yana nan rataye a ƙusa saman ordinatar. Rezo bai sake ɗaukewa ba tun ranar, A'isha kuma ba ta sake zuwa Filinge ba.

Darasi: Idan wanda ya riga ka sanin abu ya miƙo maka hannu, ka karɓa tun da safe. Girman kai ba mai shi kaɗai yake cutarwa ba, sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba ne ke rasa damarsa. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai riƙe da lambar da ya kamata ya kira yau.